Dzarma Ya Isa Lafiya

Litinin, 6 ga Maris 2017, ƙarfe 10:20 na safe

Dzarma bai zo aiki ba. Shekara shida muna tare, tun kamfanin nan yana shago ɗaya a Gomari da kwamfuta biyu da fanka mai kuka, ban taɓa rigansa zuwa ranar Litinin ba. Yau na riga shi.

Ranar Alhamis na tura shi kudu ya haɗa mana na'ura a wata sabuwar tashar mota da muka samu. Aikin kwana biyu ne. Saƙonsa ya shigo a ranar da ƙarfe uku da minti arba'in da biyu, ya shigo wayata, ya shigo wayar matarsa Edith: "Dzarma ya isa lafiya." To me kuma ake nema? Sana'armu ke nan. Matafiyi ya sa manhajarmu a wayarsa, da zarar ya shiga ɗaya daga cikin garuruwan da muka yi wa rajista, ita da kanta za ta aika wa iyalinsa saƙo, ko ba shi da kuɗin kira, ko barci yake yi a mota. Mutum dubu arba'in da ɗaya ke amfani da ita yanzu. A garin da uwa take zama a bakin ƙofa da carbi tun daga lokacin da ɗanta ya hau mota, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ni na ƙirƙiro shi, ba na jin kunyar faɗa.

Na kira layinsa sau uku, yana shiga ba a ɗauka. Wataƙila ya leƙa ƙauyensu ne, ya samu tuwon mahaifiyarsa ya manta da mu. In ya dawo zai sha tsiya.

Wannan littafin a taron Abuja aka raba mana, ranar da aka ba ni lambar yabo. Shekara guda yana kwance a durowa. Ban san abin da ya sa na ɗauko shi yau ba.

Litinin, bayan la'asar

Sau goma sha ɗaya. Yana shiga.

Talata, 7 ga Maris, bayan azahar

Babakura ya zo da kansa. Shi ne shugaban direbobin tashar da mutanenmu suke hawa mota, kuma duk shekarun da muka yi muna hulɗa bai taɓa tako ofis ɗin nan ba, kullum mu ne masu bin sa. Ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Ya ce, "Hajiya Rahmat, cikin motoci ukun nan da ba su isa ba ranar Alhamis, mutuminku yana ta biyu, kujerar gaba. Na sake zama da kamasho, ya rantse bai sauya mota ba."

Na ce ba zai yiwu ba, saƙonsa ya shigo. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, yana jira in tuna wani abu. Na ce a kawo masa ruwa mai sanyi.

Da ya tafi na sa Taufiq, babban injiniyanmu, ya buɗo mana bayanan wayar. Ya juyo da allon kwamfutar ya nuna mini da bakin biro. Wayar ta shiga garin da uku da arba'in da biyu, ta yi minti ashirin a wajen kasuwa, ta fita ta gabas, inda babu titi.

Ya ce, "Manhajar ba ta yi ƙarya ba. Wayar ta isa."

Ni na rubuta kalmomin saƙon nan shekara uku da suka wuce. A lokacin Taufiq ya so a rubuta "wayar wane ta shiga gari kaza", na ce masa wace uwa ce take zaman jiran waya? Ɗanta take jira. Har na yi masa tsiya na ce masu lissafi ba su san zuciya ba.

Laraba, 8 ga Maris, ƙarfe 8 na safe

Ya Kellu ta gaishe ni kamar kullum, "Wushe, Hajiya," ta ajiye mini shayi, ta koma kujerarta. Da ma zagina ta yi.

Ita ke riƙe da ofis ɗin nan tun farko, ta girme ni da shekara ashirin. Da can aikinta ne duk ma'aikacin da ya fita gari ta kira shi da yamma ta ji muryarsa. Ba ta tambayar aiki. "Ka ci abinci? A ina za ka kwana? Wa ke kusa da kai, ba shi mu gaisa." Har mai masauki sai ta san sunansa. Bara, da na dawo daga Abuja kaina ya kumbura, na hana. A gaban kowa na ce in mu da muka yi abin ba mu yarda da shi ba, wa zai yarda? Na ce kiran nan na Ya Kellu kamar mai sayar da lema ne yana yawo cikin ruwan sama da kwali a ka. Aka yi dariya, har da Dzarma. Ita kuwa ta ce, "To, ke ce shugaba."

Da a ce ta kira shi ranar Alhamis da yamma, da

A'a. Ina da taro ƙarfe tara.

Alhamis, 9 ga Maris, ƙarfe 2 na rana

Saƙo na biyu ya shigo da hantsi. Wayar ta shiga wani garin cikin namu, manhajar ta yi aikinta. "Dzarma ya isa lafiya."

Kafin awa guda Edith ta iso a Keke, hannunta duk alli, ta baro ajinta a makarantar firamaren da take koyarwa. Ta miƙo mini wayarta da hannu biyu.

Ta ce, "Madam, kin gani? Ya sake isa."

Na ce, "Na gani, Maman Alfred. Allah ya bayyana mana shi."

Ta ce, "Amin. Amma ke kika san na'urar nan. Ki faɗa mini, in mutum ba lafiya ba, za ta ce lafiya?"

Na ce, "Saƙon dai daga wayarsa ya fito."

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin wannan amsar. Na auna ta kafin in faɗa, na sake auna ta bayan ta tafi, har yanzu ina aunawa.

Taufiq ya shigo ya rufe ƙofa, ya ce a cire layin Dzarma daga tura saƙo, a kira matar a yi mata bayani. Na ba shi dalili biyu. Na ce jami'an tsaro suna bin sawun wayar da bayanan da muke ba su. Ya ce wannan ba ya buƙatar saƙo ya je wa Edith. Na ce kuma wa ya sani, wataƙila yana tare da wayar, ni ba zan kashe wa mace miji da bakina ba. Ya tsaya yana jiran na uku.

Na ukun yana cikin fayil mai shuɗin bango a kan teburina. Wata babbar ƙungiyar agaji za ta sa duk direbobinta a manhajarmu, ranar talatin ga wata za a sa hannu. Shekara biyu ina bin wannan kwangilar. In aka ji a gari cewa "ya isa lafiya" ba ta nufin mutum ya isa, ban san abin da zai rage mana ba.

Juma'a, 10 ga Maris, bayan an sauko daga masallaci

Mako guda ke nan da waccan Juma'ar.

Lahadi, 12 ga Maris, ƙarfe 5 na yamma

Na je gaida Inna a unguwar Abbaganaram. Zafi ya fara da gaske, muka zauna a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Maƙwabciyarta ta shigo tana ta sa mini albarka, wai ɗanta direban tirela ne, tun da aka sa masa abin nan a waya ta daina shan maganin hawan jini. Inna sai fara'a take yi. Ita da ta yi wata uku ba ta yi mini magana ba lokacin da na bar aikin banki a Kano na dawo garinmu Yerwa, ana tsakiyar gudu daga garin, wai zan buɗe kamfanin kwamfuta.

A hanyar dawowa na tuna shekarar da aka ɗauke sabis gaba ɗaya, wata da watanni ba waya. Kowa ya ce in rufe. Ni da Dzarma muke hawa mota har Damaturu don mu aika imel guda ɗaya mu dawo kafin dokar hana fita. A kowane shingen sojoji sai an sauka an ɗaga hannu an taka. Shi yake riƙe mini jakar kwamfuta, yana cewa, "Madam, ranar da muka yi arziki ki saya mini takalmi, wannan ya ƙare a aikinki." A cikin waɗannan tafiye-tafiyen tunanin manhajar ya zo mini, da na ga yadda Edith take tsayuwa a bakin titi tana jiran motarmu.

Ban saya masa takalmin ba. Wasa ne, na sani. Amma ban saya ba.

Talata, 14 ga Maris, ƙarfe 7 na safe, cikin mota a ƙofar ofis

Bari in rubuta, tunda takarda ba ta da ido.

Ranar Juma'a uku ga wata, wajen ƙarfe tara na safe, Babakura ya kira ni. Ina tsaye a gaban madubin banɗakin ofis ina gyara ɗaurin ɗankwali, baƙin ƙungiyar nan suna zaune suna jirana. Ya ce wani abu ya faru a hanya jiya, 'yan sa-kai za su shiga daji yanzu da sojoji su nemo mutane, yana haɗa musu sunaye. Ya ce ya ga sunan mutumina a takardar mota ta biyu, ya bar shi cikin waɗanda za a nema?

Na duba wayata. Na ce, "Namu ya isa tun jiya, Alhaji. Sai dai in mota ya sauya."

Ya ce, "Kin ji muryarsa?"

Na ce, "Saƙonsa yana hannuna."

Ya ce alhamdu lillahi, ya soke sunan.

Na shiga taro, na yi bayani mai kyau, har aka tafa mini.

Alhamis, 16 ga Maris, ƙarfe 12 na rana

Saƙo na uku. Edith ta zo, ta kawo wa ma'aikata soyayyar gyaɗa a kwalba. Ta zauna a kujerar da ke fuskantar teburina ta yi minti goma tana kallona, ni kuma na yi ta buga abin da ban san mene ne ba a kwamfuta. Da za ta tafi ta ce matan zumunta na cocinsu sun so su zo gida a yi addu'a irin wadda ake yi in an yi rashi, ta ce musu tukuna. Wan Dzarma ma ya zo daga Biu, ta nuna masa saƙonnin, ya koma.

Ban iya cin gyaɗar ba. Kowa ma bai ci ba, kwalbar tana nan a kan firji.

Asabar, 18 ga Maris, da safe

Ciwon kai. Ban fita ba.

Laraba, 22 ga Maris, bayan la'asar

Babakura ya dawo, wannan karon bai ma zauna ba. Wani mutum ya ɓullo a tasha shekaranjiya, fasinjan da direban mota ta biyu ya tsinta a hanya, shi ya sa ba ya cikin takarda. Ya bi ta daji ya faɗa wani ƙauye, sai yanzu ya samu dawowa. Ya ce sun gudu tare da mutumin kujerar gaba, wani dogo mai tabarau. Wayoyi duk 'yan bindigar da suka tare motocin sun karɓe tun a bakin titi. Dogon ya ji ciwo a ƙafa, suka ɓuya a wani kwazazzabo har wayewar garin Juma'a. Da ya ga ba zai iya tafiya ba sai ya ce wa mutumin, "Ka je kawai. Ni za a zo nemana, ofishinmu sun san inda nake."

Na tambayi Babakura har ina 'yan sa-kan suka kai ranar. Ya ce ba nisa da wurin. Sunaye goma sha huɗu ya ba su. Da suka haɗa goma sha huɗu, masu rai da waɗanda ba haka ba, suka juyo, don wurin ba na daɗewa ba ne. An koma jiya da mutumin ya nuna kwazazzabon. Babu kowa, babu komai.

Ya sa hularsa ya ce, "Ni ban faɗa wa kowa maganar wayarmu ba, Hajiya. Ba ni zan faɗa ba."

Ofishinmu sun san inda nake.

Alhamis, 23 ga Maris

Ofishinmu sun san inda nake.

Litinin, 27 ga Maris, ƙarfe 3 na rana

Saƙo na huɗu. Edith ta zo. Ta rame, zoben hannunta har juyawa yake. Ta ce duk lokacin da saƙo ya shigo Alfred ne yake karanta wa ƙannensa, ƙaramar har ta haddace. Na ce Allah ya raya su. Na ba ta kuɗin Keke, ta ajiye mini a kan tebur ta fita.

Na tsani kaina, kuma gobe ma zan tashi in yi kwalliya in zo.

Alhamis, 30 ga Maris, ƙarfe 4 na yamma

An sa hannu, a wani otal a GRA. An ɗauki hoto, na yi murmushi, an kira ni abin koyi ga 'yan matan Arewa maso Gabas. Taufiq bai zo ba, na ce musu ba ya jin daɗi.

Duk makonnin nan ina gaya wa kaina kwangilar ce ta ɗaure mini baki, in an sa hannu zan je in same ta. To an sa. Na fito daga otal, na hau titin da zai kai ni unguwarsu, na kai har kwanar gidan, na wuce. Ashe ba kwangilar ba ce kaɗai. Tsoron idonta nake ji, ni da nake tsayawa a gaban mutum ɗari biyar ba takarda a hannu.

Talata, 4 ga Afrilu, ƙarfe 9 na safe

Babu saƙo kwana takwas. Ban san wanne ya fi muni ba, zuwansa ko rashin zuwansa.

Alhamis, 6 ga Afrilu, bayan azahar

Taufiq ya ajiye mini takarda biyu. Ɗaya sabbin kalmomin saƙo ne: "Wayar wane ta shiga gari kaza. Ku kira ku ji muryarsa." Ɗayar takardar ajiye aiki ce, ba kwanan wata.

Ya ce, "Ranar Litinin zan canja wa kowa da kowa, har direbobin ƙungiyar nan, in kuma rubuta musu dalili. In ba ki yarda ba ki sa wa ta biyun kwanan wata. Ina da 'ya'ya huɗu, Hajiya, ina so in iya kallonsu."

Na ce ya canja. Abin mamaki, bai yi mini wuyar faɗa ba. Sai da ya kai ƙofa ya juyo ya ce, "Kin san in wayar ta sake motsi, na'ura ce za ta gaya wa Edith."

Da aka tashi Ya Kellu ta tsaya har kowa ya watse. Ta kira ni da sunana, abin da ba ta yi a ofis.

Ta ce, "Rahmat, jibi Asabar, ba makaranta, tana gida. Zan raka ki har ƙofa. Amma ba zan shiga ba, ba ni na ɗauko kayan nan ba."

Na ce, "Ya Kellu, ki yafe mini maganar lema."

Ta ce, "Wannan ai tsakanina da ke ne, mai sauƙi ce. Ki ajiye ta tukuna."

Asabar, 8 ga Afrilu, ƙarfe 1 na rana

Mun je da hantsi. Ya Kellu ta zauna a mota. Na samu Edith a tsakar gida tana tsince shinkafa a tire, yaran suna wasa a waje. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta ci gaba da aikinta.

Na yi mata bayanin manhajar tun daga tushe, yadda take ganin waya ba ta ganin mutum. Na ji kaina ina magana kamar a wurin taro, na kasa dainawa. Ta bar ni har na gama.

Ta ce, "Na sani, Madam. Tun saƙo na biyu na sani. Mutumin da ko kasuwar Gamboru ya je sai ya kira ni ya tambaya ko a ƙaro albasa, shi ne zai shiga gari huɗu bai kira ba?"

Na ce, "To me ya sa kike zuwa?"

Ta ce, "Ke kika aike shi. Na ce ba zan gaya wa yarana ba sai wadda ta aike shi ta gaya mini da bakinta. Kullum na zauna a kujerar nan sai in ce yau za ta faɗa."

Da a nan na tsaya, da wataƙila ta raka ni har bakin ƙofa. Na ga alamar haka a fuskarta, ta gaji, tana so ta yafe wa wani ta huta. Na ce mata akwai saura. Na faɗa mata wayar Babakura, da soke sunan, da goma sha huɗun, da kwazazzabon, da abin da ya ce wa mutumin. Ban rage komai ba.

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Wannan ba ta sani ba.

Can ta ce, "Da ya tambaye ki, kin ɗauki minti nawa kafin ki ce ya isa?"

Na ce, "Ban kai minti ba."

Ta ce, "Me kike yi a lokacin?"

Na ce, "Ɗankwali nake ɗaurawa."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba. Ta ɗauko wayarta daga ƙarƙashin tiren ta miƙo mini, ta ce in cire abin nan da hannuna, kada ya ƙara shigo mata. Sai da na yi sau biyu kafin ya cire. Ta karɓa ta duba, ta kifa ta a kan tabarma.

Ta ce, "Ki tafi yanzu, Madam. Abin da zan yi ba na so ki gani."

Ina bakin ƙofa ina laluben takalmina na ji ta ɗaga murya, muryar malamar aji, ba rawa a ciki.

"Alfred, kira ƙannenka. Ku wanke hannu ku zo ku zauna kusa da ni."